Wane Ne Zai Ƙirga wa Mai Ciwo?

Gaoui, wanda ake furtawa Gawi, ƙauyen Kotoko ne, kimanin kilomita 10 arewa maso gabas da Njamena, babban birnin Chadi. An ce a nan ne mutanen Sao na dā suka yi babban garinsu. Baƙo ya san shi da tukwane da randunan da mata suke ginawa, da gidajen ƙasa masu zane a bango, da tsohon gidan sarki wanda aka mai da gidan tarihi. A shekarar 2014 aka tsugunar da dubban 'yan Chadi a gefen garin, waɗanda suka gudo daga yaƙin Afirka ta Tsakiya. Hausawa ma ba baƙi ba ne a wannan yanki. Tun birnin yana amsa sunan Fort-Lamy, kafin a sāke masa suna a 1973, alhazan ƙasa daga Kano da Katsina da Damagaram suke yada zango a bakin kogin Shari. Waɗansu guzuri ya ƙare musu suka zauna, jikokinsu suna nan har wa yau.

A unguwannin da ke tsakanin Gaoui da birni, kamar yadda yake a Maraɗi ko Zariya, ba a rasa mai tallar magani, da farantinsa a ka ko akwatinsa a bayan keke. Mutanen Chadi suna ce da irinsa dokta shuku. Yana sayar da ƙwaya ɗaya ɗaya ga wanda ba shi da kuɗin kwali, yana ba da bashi, ba ya tambayar takardar likita, da tsakar dare ma in an buga masa ƙofa zai buɗe. Duk wanda zai yi maganar abin da ke biye, ya kamata ya fara da amincewa cewa wannan mutum yana biya wa talaka wata bukata ta gaske.

Bari a kwatanta da mutum guda. Ba sai an ba shi suna ba, gama irinsa suna da yawa a kowane gari. A ce mai bi ne, magini, yana zaune a kan hanyar Gaoui da matarsa da 'ya'yansa, ana biyansa a kan aikin yini. Ranar da bai hau bango ba, ba a ɗora tukunya a gidansa. Ya daɗe da kogo a turmin haƙorinsa, in ya sha ruwan randa sai ya ji tsam, ya wuce. Ya sa kanumfari, ya kurkure baki da ruwan gishiri, ya manta. Wata Litinin da dare ciwon ya tashi haiƙan. Jijiyar haƙori tana zaune ne cikin ɗan ɗaki mai bango kamar dutse, in ta kumbura ba inda za ta buɗa, shi ya sa zafin yake bugawa tare da bugun zuciya, yakan kuma ƙaru in an kwanta. Mutumin nan bai runtsa ba.

Ran Talata ya sayi farasitamol, farar ƙwayar nan da kowa ya sani, mai miligiram 500. Ya sha biyu da safe, biyu da rana, biyu da dare, ya yi aikinsa. Har nan bai yi kuskure ba, gama iyakar babban mutum mai lafiya ita ce giram 4 cikin sa'a 24, wato ƙwaya 8, biyu biyu, da tazarar sa'a 4 zuwa 6 a tsakani. Ran Laraba ƙwaya biyu ba ta riƙe shi sa'a biyu. Ya riƙa ƙarawa, kafin gari ya waye ya sha 10. Maƙwabci ya ji nishinsa ya kawo masa Doliprane, ya ce wannan na Faransa ne, ya fi. Ya sha 3, kowace miligiram 1,000. Mai faranti kuma ya ba shi kafso mai launi, ya ce wannan shi ne mai ƙarfi, ya sha 4. A cikin kowane akwai miligiram 325 na farasitamol haɗe da waɗansu magunguna. In aka tara, mutumin nan ya sha giram 9.3 a yini guda, fiye da ninkin iyaka. Shi kuwa a ganinsa magani iri uku ya gwada, bai cika wa kowanne ba. Ashe abu ɗaya ne cikin riga uku. Panadol, Doliprane, Efferalgan, duka farasitamol ne, yana kuma ɓoye cikin yawancin magungunan mura da na ciwon jiki.

Ran Alhamis haka ya sāke yi. Bai ci abin kirki ba tun Litinin, domin ba ya iya tauna.

Hanta ce take sarrafa wannan magani. Mafi yawansa takan narkar da shi ya fita ta fitsari ba illa, amma ɗan kaɗan daga ciki yakan juya ya zama dafi. Allah ya ajiye wa hanta makarin wannan dafi a cikinta, likitoci suna kiransa gulutatayon, sai dai rumbunsa ƙarami ne. In maganin ya yi yawa rumbun ya ƙare, dafin yakan koma ya ci hantar kanta. Yunwa tana rage abin da ke cikin rumbun. Haka kuma yawan shan burkutu ko bilibili ko argi, da rashin nauyin jiki, da hantar da ciwo ya riga ya taɓa, ciwon hanta kuwa ya yi yawa a Chadi da Nijar da Nijeriya. Mai irin wannan hali iyakarsa ba ta kai ƙwaya 8 ba. Ga wani abin baƙin ciki kuma: bayan ƙwaya biyu a lokaci guda, ƙari ba ya ƙara sauƙi. Ta uku da ta huɗu ba su rage zafin da kome, hanta kaɗai suke ɗora wa kaya.

Muguntar abin ita ce ba ya nuna kansa da wuri. Wanda ya sha wata irin guba nan take ake ganewa. Wannan kuwa a ranar farko sai ɗan tashin zuciya, ko ma ba kome. Ran Jumma'a maginin nan ya yi amai, ya ce rashin cin abinci ne. Zafin haƙorin ma ya lafa, domin jijiyar ta mutu, sai ya yi godiya ga Allah ya ce magani ya ci. Ran Asabar ya ji ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Ran Lahadi bayan sujada matarsa ta ga idonsa ya yi rawaya, aka ce shawara ce, aka jiƙa masa saiwa. Sai da ya fara sambatu, bai gane 'ya'yansa ba, aka ɗauke shi zuwa asibiti a birni. Akwai makarin wannan guba, sunansa asetilsistin, an fara aiki da shi tun shekarun 1970, yana kuma ceton rai sosai in an ba da shi da wuri, musamman cikin sa'a 8 na farko. Bayan kwana huɗu ko biyar, sau da yawa abin da ya rage shi ne dashen hanta, aikin da magini a bakin Shari ba ya ko mafarkinsa.

Kada mai karatu ya ce wannan wautar talakan Afirka ce. A Skotland ne likitoci suka fara ba da labarin yadda farasitamol yake kashe hanta, a 1966. A 2011 likitocin asibitin Edinbara suka fitar da binciken mutum 663 da aka kwantar a wurinsu tsakanin 1992 da 2008 saboda wannan magani ya lalata musu hanta. Mutum 161 daga ciki ba a tashi ɗaya suka sha ba, kaɗan kaɗan suka yi ta ƙarawa, da yawansu domin ciwon kai ko na ciki ko na haƙori. Cikin waɗannan, kashi 37 cikin 100 suka mutu, alhali cikin waɗanda suka haɗiye da yawa a tashi ɗaya kashi 28 ne. Wato wanda yake neman sauƙi ya fi wanda yake neman mutuwa shiga hatsari, domin shi ba ya zuwa asibiti da wuri, bai san akwai abin da zai kai shi ba. A wani babban asibiti a Nottingham ta Ingila, daga 2014 zuwa 2016, an karɓi mutum 436 da suka wuce iyakar farasitamol ba da gangan ba, 164 daga cikinsu ciwon haƙori ne ya sa su. Waɗannan mutane ne masu karatu, takardar gargaɗi tana cikin kwalin da harshensu.

To, a koma gidan magini. An shimfiɗa tabarmi, 'yan'uwa cikin Almasihu sun taru zaman makoki, zumuntar mata suna waƙa a tsakar gida. A gefe kuwa ana magana ƙasa ƙasa, gama ma'aikacin asibiti ya ce ƙwaya ce ta kashe shi. Maganar takan rabu uku. Wani zai ce ai ya kashe kansa ke nan, har ya tambaya ko ya dace fasto ya yi masa jana'iza irin ta masu bi. Wani zai ce kwana ne ya ƙare, nufin Allah ne, a bar zancen. Wani kuma zai ce ganganci ne, babban mutum da hankalinsa ya riƙa haɗiyar ƙwaya kamar gyaɗa. Kowace magana cikin ukun nan tana da inda take kai gwauruwar da 'ya'yanta, saboda haka ba a iya ƙyale ta.

Ta farkon ita ce mafi sauƙin amsawa, ko da yake ita ce mafi ciwo. Shari'ar Musa ta raba kisa kashi biyu tun da daɗewa, ta kuma raba su ne a kan niyyar zuciya. Littafin Ƙidaya sura 35 da Maimaitawar Shari'a sura 19 sun keɓe biranen mafaka domin wanda ya kashe mutum ba da nufi ba. Misalin da aka bayar na masu saran itace ne biyu a jeji, ruwan gatarin ɗaya ya kwaɓe daga ƙota ya sami ɗan'uwansa ya mutu. Gawa dai gawa ce, hannun da ya ɗaga gatari kuma sananne ne, duk da haka shari'a ta ce wannan mutum bai cancanci mutuwa ba, tun da ba ƙiyayya a tsakaninsu. In haka ne ga wanda gatarinsa ya sami wani, yaya za a kira maginin nan mai kisankai? Shi rai yake nema. Barci yake so ya yi domin ya hau bango da safe ya ciyar da gidansa. Wanda ya ɗora wa iyalinsa wannan suna ya yi shaidar zur a kan mamaci. Har ma waɗanda baƙin ciki ya kai su ga ɗauke ransu da gangan, ikkilisiya ta koyi yin maganarsu da tausayi fiye da dā, amma wannan zance ne dabam.

Magana ta biyu ta fi wuya, domin akwai gaskiya a cikinta. Ba mai bi da zai yi musun cewa kwanakin mutum suna hannun Ubangiji. Amma a lura da lokacin da ake faɗarta, da kuma aikin da take yi. Sau da yawa ana cewa nufin Allah ne domin a rufe tambaya kafin a yi ta. Littafi Mai Tsarki bai yi amfani da ikon Allah ta wannan hanya ba. Yusufu ya shaida wa 'yan'uwansa cewa Allah ya juya abin da suka yi ya zama alheri, amma a numfashi guda ya kira abin nasu mugunta. Ikon Allah bai wanke hannunsu ba. In zancen ya tsaya a kan kwana ya ƙare, maƙwabcin da ya kawo Doliprane da kyakkyawar zuciya zai sāke kai wa wani gobe, gama ba wanda ya gaya masa abin da ya faru.

A kan ta ukun ce ya kamata a daɗe. Shin mutum ba shi da alhakin abin da ya sa a bakinsa? Yana da shi mana. Karin Magana sura 25 ta gargaɗi wanda ya sami zuma ya sha daidai cikinsa, kada ya yi amai. Akwai mutumin da ya iya karatu, an gaya masa iyaka, yana da kuɗin zuwa a cire haƙorin, amma tsoron allura ko rowa ko taurin kai ya hana shi. Wannan yana da rabonsa na laifi, ba a ɓoye shi. Akwai kuma wani irin haƙuri da maza suke taƙama da shi, wanda in an duba girmankai ne ya yafa mayafin haƙuri. Namiji ba ya cewa wayyo a kan haƙori, ba ya barin matarsa ta ga ya kāsa, sai ya juya baya ya haɗiyi ƙwaya a ɓoye. Haƙurin da Nassi yake yabo bai hana Bulus yawo da Luka likita ba, bai kuma hana shi ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa ba.

Duk da haka, mai cewa ganganci ne ya manta da abin da zafi yake yi wa hankali. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, yana cikin manyan masanan ikkilisiya, shi ne kuma ya fi kowa tsananta koyarwar cewa mai bi ba shi da iznin ɗauke ransa. A shekara ta 386, yana wani ƙauye kusa da Milan, ciwon haƙori ya kama shi har ya kāsa magana, sai da ya rubuta a allo yana roƙon abokansa su yi masa addu'a. A wani littafin ya faɗa cewa a kwanakin nan bai iya koyon sabon abu ba ko kaɗan, sai dai ya juya abin da ya riga ya sani. In ciwon haƙori ya rufe wa Agustin ƙofar koyo, me ake sa rai daga magini wanda ya kwana uku ba barci, ba abinci, da ƙarfe biyu na dare, a ɗakin da ba agogo? Ba zai tuna ko ƙwayar da ya sha ɗazu sa'a ɗaya ke nan ko sa'a uku ba. Ba zai tsaya karanta ƙananan baƙaƙen Faransanci ko Turanci a bayan kati ba, ko da ya iya. Ciwon da ya sa yake bukatar maganin shi ne ya ƙwace masa ikon ƙirga shi. Abin da bai sani ba tun yana da lafiya, ba zai koye shi a daren nan ba.

In laifin bai tsaya a kansa duka ba, ina ya tafi? Laifi ba ya bin iska. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufinsa rawani, domin kada wani ya fāɗo alhakin jini ya hau gidan. Duk wanda ya taɓa kwana a kan soro da bazara, a Kano ko a Gaoui, ya gane wannan doka ba sai an yi masa bayani ba. Wanda ya fāɗo ƙafarsa ce ta zame, ba wanda ya tura shi, mai yiwuwa ma magagin barci ne ko rashin kula. Amma shari'a ba ta tambayi mai fāɗuwa ba, mai gida ta tambaya, gama shi ne ya san akwai gefe, shi ne kuma yake da ƙasa da lokacin da zai ja rawani tun da rana. Alhaki yana bin sani da iko. Saboda haka tambayar da ta dace a zaman makokin nan ita ce, su wane ne suka san gefen, ko suka isa su sani, tun mutumin yana tafiya da ƙafarsa?

Mai faranti yana ciki. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gaskiya ne shi ma talaka ne, sau da yawa launi da siffa ya sani, bai san abin da ke cikin kafso ba. Amma wanda ya karɓi kuɗi a kan magani ya ɗauki nauyin sanin abin da yake sayarwa. Da ya tambaya, me ka riga ka sha yau, guda nawa, da tambayar nan kaɗai ta isa. Abin da ya fi muni, a faranti guda ake samun taramol mai miligiram 225, wanda ya ninka na asibiti, mai sa farfaɗiya da tsayar da numfashi, da kuma dikulofenak da ibuprofen masu huda ciki su taɓa ƙoda in an cika musu. Sai dai korar mai faranti kaɗai ba ta warkar da haƙori. In an kore shi ba a kawo abin da ya fi shi ba, magini zai koma ga ruwan batir da ake ɗigawa a kogo, ko asfirin da ake dannawa a dasashi ya ƙone shi. An gudu ba a tsira ba.

Hukuma tana ciki, rabonta kuwa babba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 kimanin mutum biliyan 3.5 suna fama da cututtukan baki da haƙori. A ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin ofishinta na yankin, tsakanin 2014 da 2019, likitocin haƙori ba su wuce 3.3 ga kowane mutum 100,000 ba, kusan ɗaya bisa goma na matsakaicin duniya, yawancinsu kuma a manyan birane suke. Ƙwaya ba ta warkar da ruɓaɓɓen haƙori, sai an cike shi, ko a wanke jijiyar, ko a cire. Mutumin da aka bar shi da ciwo ba mai cirewa, an tura shi ne wurin faranti. Rawani kuma yana aiki in an ja shi. A watan Satumba na 1998 Birtaniya ta hana sayar da fiye da ƙwaya 16 a kwali a kantuna, 32 a kantin magani. Masu bincike na Jami'ar Oxford suka sami cewa cikin shekara 11 da suka biyo mutuwa ta wannan magani ta ragu da kashi 43 cikin 100 a Ingila da Wales. Yawancin waɗanda aka ƙirga masu niyya ne, amma darasin ɗaya ne, ƙaramin shinge yana tare babbar fāɗuwa. Sa'ad da maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Nijeriya a 2008 da 2009, ƙasa ta girgiza, aka kai mutane kotu, domin guba aka samu a cikin kwalbar. Maganin magini kuwa mai kyau ne, ba jabu ba, saboda haka mutuwarsa ba ta shiga jarida, ba ta shiga lissafin kowa. Takardar asibiti za ta ce ciwon hanta.

Sauran ikkilisiya. A nan zancen ya zo gida, yana da nauyin faɗa. Masu bishara na farko ba su raina haƙori ba. George Mackay, ɗan Kanada da ya isa tsibirin Taiwan a ƙarshen 1871, ya riƙa yawo ƙauye ƙauye da Littafi Mai Tsarki da awartaki, ya ce ya cire haƙora fiye da 21,000. A ƙasashen nan ma asibitin Vom na 1922 da na Galmi na 1950 da na Bebalem a kudancin Chadi, da ƙananan ɗakunan shan magani da ke jikin majami'u, sun tashi ne a kan imanin cewa jiki ma na Ubangiji ne. Yau kusan kowace ikkilisiya ta birni tana da nas ko ma'aikacin kemis ko ɗalibin likita a kan benci ran Lahadi. Sanin da zai ceci magini bai kai tsawon sanarwar baiko ba: ƙwaya 8 ce iyaka, suna dabam ba magani dabam ba ne, wanda ya wuce iyaka a kai shi asibiti ko da yana jin garau. Ana sanarwar biki da ta taron mata da ta gudummawar rufin kwano, wannan kuwa ba a taɓa jinta ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan kunya. Ran da magini ya mutu, kafin la'asar an tara kuɗin akwati da na mota da na shinkafar baƙi. Ba wanda ya yi gunaguni, kowa ya buɗe aljihu. Kuɗin nan ya ninka na cire haƙori sau da yawa. Da ya zo wurin dattawa ran Talata ya ce a taimake shi ya je a cire masa haƙori, da wuya a ce asusun ikkilisiya yana da gurbin wannan, shi ma ya san haka, shi ya sa bai zo ba. Jama'ar da ta iya binne 'ya'yanta da mutunci ta riga ta nuna tana da kuɗin da zuciyar, lokacin fitar da su ne ya karkace. Basamariyen nan na Luka sura 10 ya fitar da dinarinsa biyu ne tun mai raunin yana numfashi.

Wani zai ce wannan ɗora wa ikkilisiya kayan gwamnati ne, fasto ba likita ba ne. Gaskiya ne, kuma fasto da ya mai da kansa likita zai yi ɓarna irin ta mai faranti. Ba a ce ya rubuta magani ba. Abin da ake nema ƙarami ne, shi ya sa rashinsa yake da nauyi: a ba nas minti biyar bayan wa'azi, a san inda ake cire haƙori da ranar da ake yi da abin da ake biya, a ajiye ɗan abu a asusu domin mai rai. Mai zuwa gaishe da marar lafiya kuma, bayan addu'a, ya tambaya me aka sha, nawa aka sha.

A ƙarshe ƙirgar takan faɗa a hannun wanda yake kwana a ɗaki ɗaya da mai ciwo. A gidan magini matarsa ce. Ita ce ta share ɗakin ran Alhamis da safe, ta tsince katunan magani da ba kome a cikinsu a gefen tabarma, fari da shuɗi da mai launi, ta zuba su a shara tare da ɓawon gyaɗa. Ba ta yi laifi ba, gama ba wanda ya taɓa gaya mata cewa waɗannan katuna lissafi ne. Da ta sani, da tun ran Talata ta karɓe maganin ta ɗaure a bakin zanenta, ta riƙa ba shi biyu biyu, tana jefa tsakuwa a ƙoƙo duk sa'ad da ta bayar, in tsakuwa ta kai huɗu a yini ta ce, Maigida, sai gobe. Zai yi faɗa, mai yiwuwa ya ce ba ta tausayinsa. Ran Alhamis ɗin nan ma lokaci bai ƙure ba. Idonsa fari ne, yana magana, yana neman takalminsa zai tafi aiki. Daga Gaoui zuwa asibitocin Njamena tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba ce a kan babur, abin da likita zai fara tambaya kuwa shi ne katunan nan da ke cikin shara.